Na Raya Wanda Marubuci Ya Kashe

Gwaggo mai shawara,

Don girman Allah ki taimake ni, kuma ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan. Sau uku ina farawa ina yagawa. Idan na faɗa wa wani damuwata a taƙaice dariya zai yi, ya ce wai a kan littafin labari mace mai 'ya'ya biyu take ramewa. Amma wallahi na kai mako guda abinci ba ya yi mini daɗi, ga shi saura kwana goma sha biyu asirina ya kama hanyar tonuwa.

Bari in faro daga tushe. Mu uku Ummanmu ta haifa: Yayata, sai ni, sai ƙanenmu da kowa ke kira Auta har ya yi gemu. Mahaifinmu ya rasu tun muna ƙanana. Umma ta yi shekara talatin tana aikin tantance wasiƙu a gidan waya, da wannan aiki ta rene mu. Gidanmu gidan karatu ne, amma ba irin karatun da ake tinƙaho da shi a gaban baƙi ba. Littattafan labari ne, waɗanda suka sha hannu har bangonsu ya yi laushi kamar tsumma. Akwai wata doguwar kanta a falo da ta lanƙwashe a tsakiya saboda nauyi, kowa da ɓangarensa.

Umma labaran bincike take so, irin wanda za a tsinci gawa a ɗaki a kulle, kowa a gidan yana da abin da yake ɓoyewa. Tana da wata ɗabi'a: idan ta kai shafi na hamsin sai ta ɗauki fensir ta rubuta sunan wanda take zargi a cikin bangon baya, ta sa kwanan wata. Da wuya ta kuskure. Ni kuwa soyayya ce tawa, tun ina 'yar sakandare nake ɓoye su a cikin littafin lissafi. Auta shi labaran tafiya da kasada yake bi, jiragen ruwa, duwatsu, dazuzzuka, mutanen da suka ɓace a hanya. Yaya ce kaɗai ta fita zakka, ita ko takardar da ke cikin kwalin magani sai an karanta mata. Kullum muna tsokanar juna. Auta ya ce nawa littattafan duk ɗaya ne, suna kawai ake canzawa. Ni kuma in ce nasa na yara ne. Sau nawa ya ajiye mini wani a kan gado ya ce in gwada babi ɗaya kawai, in mayar masa ban ko buɗe ba. Wannan ma yana cikin abin da ke ci mini rai yanzu.

Auta gyaran wutar lantarki yake yi. Wata goma sha huɗu ke nan da wuta ta ja shi a wani gini da suke aiki. Da safe ya fita yana waƙa, kafin azahar aka kira ni a wurin aiki. Shekararsa ashirin da bakwai, bai yi aure ba, shi ne ke zaune da Umma.

Gwaggo, ba zan iya kwatanta miki yadda Umma ta koma ba. Ba ta yi kuka ko kururuwa ba, ba ta faɗi ba. Shiru kawai ta yi. Dama tana da yana a ido biyun, an daɗe ana cewa a yi mata aiki tana ja da baya. Bayan rasuwar sai abin ya ci gaba da sauri, har ta daina gane fuska sai dai murya. Idan an yi mata maganar asibiti sai ta ce me ya rage da za ta gani. Na ɗauko ta na dawo da ita gidana, maigidana da kansa ya kwashe kayansa daga ƙaramin ɗakin da yake ajiye takardu aka sa mata gado. Sai ta wuni a kan kujera a bakin taga, hannu a cinya. Abinci cokali uku. Yara su shigo su gaishe ta, ta shafa kansu, shi ke nan.

Wata rana, kusan wata bakwai da rasuwar, ina shara a ɗakin sai ta tambaye ni ko da muka kwashe kayan Auta mun ga littafin da yake karantawa. Mun gani. Labari ne mai kashi uku, na ukun yana ƙarƙashin matashinsa, ya sa guntun jar wayar wuta a inda ya tsaya, bai kai rabi ba. Ta ce in ɗauko duka ukun in karanta mata tun daga farko, tana so ta san abin da yaron nan yake ta ba ta labari tana jinsa da rabin kunne.

Ni aikin gwajin jini nake yi a wani ƙaramin asibiti, ina tashi daga aiki ƙarfe huɗu na yamma. Sai ya zama kullum in na dawo na cire takalmi, na ɗora tukunya a wuta, in ja kujera kusa da ita in karanta babi ɗaya. Labarin wani matashin matuƙin jirgin ruwa ne da ya ɗauki mutane tara zuwa neman wani jirgi da ya ɓace da yayansa a ciki. Na fara ne don dole, ina karantawa kamar mai karanta sakamakon gwaji. Kafin mu gama kashi na ɗaya na tsinci kaina ina duba agogo a wurin aiki. Ashe Auta gaskiya ya faɗa. Akwai inda guguwa ta karya musu itacen jirgi, ina cikin karantawa miya ta ƙone a kicin babu wanda ya ji ƙauri sai maigidana da ya shigo.

Umma kuwa sai ta farfaɗo kamar shukar da aka ba ruwa. Ta fara gardama da mutanen cikin littafin. Tun a babi na shida ta ce mai dafa abincin jirgin nan munafuki ne, a sa masa ido, kuma haka ya tabbata a kashi na biyu. Ta fara cin abinci saboda na ce ba karatu sai an cinye. Ta fara yi wa matuƙin faɗa, wai yaron nan ba ya jin magana, ya cika jefa kansa a abin da ba a sa shi ba. Rannan kuma bakinta ya suɓuce, maimakon ta ce matuƙi sai ta kira sunan Auta na yanka. Daga ni har ita babu wanda ya gyara. Na ci gaba da karatu.

Da muka wuce inda jar wayar take a kashi na uku sai na kasa haƙuri. Na sa littafin a jaka, na karanta ƙarshen a cikin bas ina dawowa daga aiki. Gwaggo, marubucin nan kashe shi ya yi. A babi na kusa da ƙarshe jirgin ya dare a kan duwatsu, matuƙin ya tsaya yana riƙe da igiya har sauran suka tsallaka, ruwa ya tafi da shi. Babin ƙarshe mutanensa ne ke kai wa uwarsa hularsa. Na yi kuka a cikin bas har wata tsohuwa ta dafa ni tana ba ni haƙuri, tana tambaya wa ya rasu. Na wuce inda nake sauka da tasha biyu.

Da ranar wannan babi ta zo, na zauna na buɗe littafin, na karanta har inda igiyar ta fara zamewa daga hannunsa. Na ɗaga kai na ga Umma ta damƙe hannun kujera, leɓenta na motsi, addu'a take yi masa. Ban shirya ba, ban yi shawara da kowa ba. Idona na kan shafin amma bakina ya kama wata hanya. Na ce ruwa ya jefa shi wani tsibiri, masunta suka tsince shi da sauran numfashi. Umma ta sauke ajiyar zuciya, ta yi hamdala, ta ce dama ta san Allah ba zai bar yaron nan ba. Ranar har ƙarin abinci ta nema.

Na ɗauka washegari zan mayar da shi gida in rufe labarin. Sai ta fara tambaya: to yayan nasa fa da ya fita nema, to wancan munafukin ina ya shiga. Kowace amsa ta haifi wata tambayar. Na sayi littafin rubutu, lokacin hutun cin abinci abokan aikina na hira ni ina lungu bayan firjin ajiye jini ina rubuta babin yamma. In na zo gida in sa shi a tsakiyar littafin gaskiyar in karanta. Yau wata biyar ke nan. Na cika littafin rubutu huɗu. Kuma da yake kowa da kiwon da ya karɓe shi, ban san lokacin da na shigo masa da wata yarinya mai gyaran komar kamun kifi a tsibirin ba, yanzu har sun fara kallon juna suna sunkuyar da kai. Umma ta ce ai gara, dama ya isa aure.

Wani lokaci takan faɗi maganar da ke sa gabana faɗuwa. Ta taɓa cewa marubucin nan kamar aure ya yi a tsakiyar littafin, hannunsa ya yi taushi. Ta taɓa karɓar littafin ta auna kaurinsa da yatsu, ta ce ikon Allah, abu siriri haka amma ya ƙi ƙarewa. Allah ya so ranar ban riga na sa nawa a ciki ba. Ta kuma ce takardar ƙarshen nan ƙararta daban idan ina juyawa. Duk na yi dariya na kawar da zancen.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Makon jiya, ba wanda ya roƙe ta, Umma ta ce a kai ta a cire yanar nan. Muka yi ta murna. Da Yaya ta tambaye ta me ya sauya mata ra'ayi, sai ta ce tana so ta karanta ƙarshen littafin Auta da idonta, kuma in na zo babin ƙarshe in tsaya, nata ne. Likita ya duba ta ya sa ranar aiki, nan da kwana goma sha biyu. Ya ce za a fara da ido ɗaya, bayan wasu makonni a auna ta a ba ta tabarau, za ta yi karatu kamar da.

A ranar na faɗa wa Yaya da maigidana komai. Yaya ta fara yi mini faɗa, daga baya ta kawo dabaru biyu. Ko dai a ce yara sun zubar wa littafin ruwa ya lalace, ko a kai rubutuna wurin masu buga takardu a buga shi, a yi masa bango, a ce kashi na huɗu ne aka samo. Ta ce Umma na da hawan jini, kuma wanda ya binne ɗa sau ɗaya ba a sa shi ya sake. Maigidana shi kuma ya ce in je yanzu in durƙusa in faɗi gaskiya, ramin ƙarya ƙurarre ne. Ya ƙara da cewa wata biyar bai gan ni da littafina na soyayya ina murmushi ni kaɗai ba, kullum ina cizon biro kamar mai jarrabawa.

Umma ta tsani ƙarya fiye da komai. Muna yara, in ka fasa abu ka faɗa, ba za ta taɓa ka ba. In ka ɓoye, sai ta yi kwana uku ba ta kalle ka ba, kuma wannan ya fi duka zafi. Ina tsoron in faɗa mata ta fasa aikin idon ta koma bakin taga. Ina tsoron in yi shiru ta buɗe littafin ta gani da kanta, ta san na mayar da rashin ganinta abin wasa. Akwai kuma abin da ban faɗa wa kowa ba sai ke: ba don ita kaɗai nake yi ba. Duk lokacin da na zauna rubutu, muryar Auta nake sa wa matuƙin, da irin barkwancinsa, da yadda yake sosa ƙeya in an kama shi. Ni ma ba na so ya mutu. Kuma, Allah ya yafe mini, ina jin daɗin rubutun.

Gwaggo, na cuci mahaifiyata ne ko na taimake ta? In bi Yaya ko in bi maigidana? Idan faɗa zan yi, yaushe, kuma da wane baki?

'Yarki,
Mai karanta wa Umma

*

'Yata,

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma ban yi dariya ba. Allah ya jiƙan Auta, ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashinsa.

Tambayarki ta farko ita ce mafi sauƙi. Abin da kika yi ƙarya ce, ba zan canza mata suna don in faranta miki ba. Amma ƙarya ce da tausayi ya haifa a lokacin da babu damar tunani, kuma a cikin wata biyar ɗin nan tsohuwar da ta daina cin abinci ta koma ci, wadda ta ce ba abin da ya rage ta gani ta nemi likita da bakinta. Wanda ya mayar da rashin ganin uwarsa abin wasa ba ya ba da hutun cin abincinsa yana rubutu a bayan firji. Ki sauke wannan dutsen daga ƙirjinki. Sai dai abin da ya yi magani jiya yana iya zama cuta gobe idan an ci gaba da sha, kuma naki ya kai lokacin ajiyewa.

Yayarki tana da hujja a tsoronta. Hawan jini ba abin wasa ba ne, kuma ta fi ni sanin uwarku. Amma dabarunta biyun duk ki bar su. Littafin nan shi ne abu na ƙarshe da hannun Auta ya riƙe. Idan kuka ce ya lalace, kun ƙara wa Umma wani rashin a kan wanda take ciki. Buga kashi na huɗu kuwa ya fi muni. Abin da kika yi a kan kujera zuciya ce ta riga hankali. Wannan kuma zama za a yi a shirya shi, mutum uku a kan tsohuwa ɗaya. Kuma wa za ku yaudara da shi? Matar da ta yi shekara talatin tana bambance hannun mutane a bayan ambulan?

Wannan ya kawo ni kan abin da nake ganin kin kasa gani saboda tsoro. Ki sake karanta wasiƙarki. Ta ce hannun marubuci ya yi taushi. Ta auna kaurin littafin. Ta lura da ƙarar takarda. Mai karatun labaran bincike ce, kuma a gabanta kika tashi da irin labaran da kike so har ta san salonsu. Ita ta haife ki, ta san muryarki idan kina karantawa da idan kina ƙirƙira. Ba zan rantse ba, don ban san ta ba, amma zan yi mamaki ƙwarai idan ba ta daɗe da ganewa ba. Mai yiwuwa ta yi shiru ne don ita ma ba ta shirya ba, ko don ta ga 'yarta na samun sauƙi a rubutun, ta ce bari ta bar ki. Iyaye sukan yi mana irin wannan, mu ɗauka mu ne ke lallaɓa su. Kada dai ki jingina da zatona har ki ce ai ta sani, ba sai an faɗa ba. Ko ta sani, haƙƙinta ne ta ji daga bakinki.

Maigidanki ya fi kusa da daidai, sai dai ya yi gaggawa. Gaskiya ma tana da lokacinta. Ga yadda nake gani. Kada ki tayar da maganar kafin aikin ido. Aikin alheri ne gare ta ko da littafi ko babu, kuma bai kamata a girgiza ta tana shirin shiga hannun likita ba. Amma daga yau ki daina ƙara sabon babi da sunan marubucin. Tun da ta ce a bar mata ƙarshe, ki ce kin tsaya a nan sai idonta ya buɗe, ki ɗauko mata ɗaya daga cikin nata na bincike ku cike kwanakin da shi. Idan kuwa ta dube ki ta tambaye ki kai tsaye kafin ranar, kada ki musa. Ƙaryar da aka yi da baki a gaban tambaya ita ce mai wuyar gogewa.

Ki samu likitan ke kaɗai, ki gaya masa akwai maganar da za ta iya sa ta kuka, ki tambaye shi yaushe idon zai jure, kuma ya duba jininta. Idan ya ba da dama, kafin tabarau su iso, ki zaɓi rana da yara ba sa gida. Kada ku taru a kanta kamar masu kawo saƙon mutuwa; ke kika fara, ke za ki ƙarasa, Yaya ta zauna a falo ko za a buƙace ta. Ki ɗora mata littafin Auta a cinya, ki ɗora naki huɗun a gefensa. Ki ce mata daga wuri kaza ba marubucin ne ke magana ba, ke ce, domin kin ga ƙarshen ya yi miki nauyi kin kasa karanta mata. Ki nemi gafara sau ɗaya, da gaske, sannan ki yi shiru. Kada ki yi ta kare kanki. Kada kuma ki zayyana mata yadda labarin ya ƙare sai in ta tambaya. Mai karatu ce, kuma ta riga ta gaya miki tana so ta gani da idonta.

Tana iya yin fushi. Idan ta yi kwana uku ba ta kalle ki ba, ki jure, ki ci gaba da kai mata abinci da sa mata maganin ido a kan lokaci. Fushin uwa a kan ɗan da ya zo da kansa ya faɗa ba ya daɗewa.

Akwai wani abu kuma da nake so ki yi tunani a kai. Kin ce Umma ba ta yi kuka ba da aka yi rasuwar, shiru ta yi. Mu da muke son labari mun san ba don daɗi kaɗai muke karantawa ba. Wani lokaci mutum yakan kasa yi wa nasa kuka, sai ya samu wani a cikin littafi ya yi masa, hawayen kuma duk wuri ɗaya suke fitowa. Ke kin samu naki a cikin bas. Ita har yanzu ba ta samu ba. Kin tsare ta daga wannan babi lokacin da ba ta da ƙarfinsa, kuma ina ganin kin yi daidai a ranar. Yanzu ta yi ƙarfi, da taimakonki. Kada ki yanke mata hukuncin abin da za ta iya ɗauka.

Saura ke. Ba laifi ba ne ki ji daɗin rubutu, ba laifi ba ne ki sa wa matuƙin muryar ƙanenki. Mutane da yawa da irin wannan suke rarrashin kansu. Maganar littattafan da kika mayar masa ba ki buɗe ba, wannan tsokanar 'yan'uwa ce, kowane gida akwai ta, kada ki mayar da ita zunubi. Ki gaya wa Umma wannan ɓangaren ma, cewa ke ma kewarsa ce ta riƙe miki biro. Ina jin shi zai fi komai sanyaya mata zuciya, don zai nuna mata ba ita kaɗai ke cikin ramin ba. Rubutunki kuma kada ki yaga. Idan ta so, ki ƙarasa mata shi a fili, a matsayin naki, ta san na wa take saurara. Kuma ki ji maganar maigidanki: mutumin da ya lura matarsa ta daina murmushi a kan littafi yana kewar matarsa ne. Ki nemi sabon na soyayya ki karanta don kanki, ba don kowa ba.

Uwar da ta rene ku ita kaɗai, ta binne autanta, ta kuma miƙe ta ce a buɗe mata ido, za ta iya juya shafi ɗaya mai zafi. Abin da take buƙata daga gare ki shi ne idan ta iso wurin ta miƙa hannu ta same ki a kusa.

Allah ya sa a yi aikin a sa'a, ya buɗe idon Umma da alheri, ya bar ku tare cikin aminci.

Gwaggonki